Wasiƙar da Ta Dawo Ba a Aika Ta Ba

Mutum yakan tarar da sanarwa a akwatin imel cewa saƙonsa bai isa ba, alhali bai aika komai ba. Dalili shi ne ƙa'idar SMTP, wadda aka tsara a 1982, ba ta tantance mai aikawa. Ɗan damfara yakan sa adireshin wani, tamkar mai rubuta sunan maƙwabcinsa a bayan ambulan. Idan wasiƙar ta rasa mai karɓa, maƙwabcin ake mayar wa.

A fara duba jerin saƙonnin da aka aika. In an ga baƙon saƙo, a sauya kalmar sirri nan take. In babu, a goge sanarwar, kada a buɗe abin da aka liƙa mata. Makaranta mai adireshin kanta kuwa ta kafa SPF, DKIM da DMARC, domin kwamfutocin karɓa su ƙi na jabu tun daga ƙofa.