Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ya Dace Ya Yi Kiɗan Fim Ɗin Leƙen Asiri?

TAMBAYA: Mun ji labarin za a yi sabon fim ɗin James Bond, sai gardama ta kaure a majalisarmu kan wanda ya kamata a ba kiɗansa. Daga nan magana ta zarce gida: da a ce Kannywood za ta yi nata fim ɗin na leƙen asiri, wa ya cancanta? Wasu sun ce Nura M. Inuwa, wasu Umar M. Shareef, yaran cikinmu kuwa sun kafe a kan Hamisu Breaker. Mun amince mu kawo maka ka raba mana gardama. Daga mai bibiyar wannan fili a Turawa, Ƙaramar Hukumar Ƙaraye.

AMSA: Kafin in ambaci sunan kowa, akwai abin da sai mun warware, don gardamar taku ta cakuɗa ayyuka biyu da ba hannu ɗaya ke yin su ba.

A fim irin na James Bond akwai waƙar buɗe fage, wadda ake rerawa sau ɗaya lokacin da sunaye ke wucewa. Wannan ta mawaƙi ce. Adele ta yi ta Skyfall a 2012, Sam Smith ya yi ta Spectre a 2015, Billie Eilish ta yi ta No Time to Die, kuma dukkansu uku sun ci kyautar Oscar da waƙoƙin. Sannan akwai kiɗan da ke tafiya a ƙarƙashin hoto tun daga farkon fim har ƙarshensa, wanda ba murya a cikinsa. Shi ne ke sa gabanka ya faɗi tun kafin ƙofa ta buɗe, shi ne ke sanar da kai cewa mutumin nan mai murmushi ba alheri ya kawo ba. Wannan aikin wani ne daban, mai tsara kiɗa, wanda yawancin masu kallo ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Mutum ukun da kuka ambata duk gwanayen aiki na farko ne. Fim ɗin leƙen asiri kuwa a kan na biyun yake tsayawa ko ya faɗi.

Bari mu fara da na Turawan Ingila, tunda da shi kuka fara. Kiɗan nan na jita da kowa ya haddace ya fito ne a fim na farko, Dr. No, a 1962. Monty Norman ne ya tsara shi, John Barry kuma ya yi masa kwalliya da ƙahonni da ganguna. Ga wani abin da zai ba ku dariya, ku da kullum ake yi wa finafinanku gorin kwaikwayon Indiya: asalin karin nan Norman ya tsara shi ne don wani wasan dandamali a kan Indiyawa mazauna tsibirin Tirinidad, wasan bai yiwu ba, sai ya ɗauko shi ya sake masa kama. Barry ya ci gaba har ya yi wa finafinan Bond goma sha ɗaya kiɗa. Bayansa David Arnold ya yi biyar, daga 1997 zuwa 2008. Thomas Newman ya yi biyu, Hans Zimmer kuma ya yi na ƙarshe da ya fito a 2021, wanda da shi Daniel Craig ya yi bankwana.

Yanzu ragamar finafinan Bond ta koma hannun kamfanin Amazon MGM tun watan Fabrairun 2025, kuma a watan Yuni na shekarar suka sanar da Denis Villeneuve, ɗan ƙasar Kanada, a matsayin darakta. Sanarwar ba ta ambaci mai kiɗa ba, shi ya sa hasashe ya yi yawa. Amma al'adar masana'antar tana nuna hanya. Darakta mai suna da makaɗinsa yake zuwa. Da aka ba Sam Mendes aikin Skyfall, Newman ya jawo, wanda suke tare tun 1999, Arnold kuwa aka ajiye shi duk da finafinai biyar da ya yi. Shi Villeneuve da Jóhann Jóhannsson ya yi aiki a da, mutumin ƙasar Ayislan da ya rasu a 2018, daga baya ya koma wa Zimmer. Tare suka yi Dune kashi na ɗaya da na biyu, na ɗayan har ya samo wa Zimmer Oscar. To ga mutum ya yi Bond na baya, ga shi kuma na hannun daman sabon darakta. Wanda ya ce Zimmer a majalisarku bai yi shirme ba. Sai dai ko an sanar da suna ba a gama ba, don shi kansa Zimmer a No Time to Die gadon wani ya yi, Dan Romer, wanda aka fara aikin da shi aka rabu a hanya.

Da ni za a tambaya, Ludwig Göransson zan ba, ɗan ƙasar Suwidin. Dalilina biyu ne. Ya riga ya yi fim ɗin leƙen asiri, wato Tenet na 2020. Kuma mutum ne mai tashi ya je ya saurara. Da aka ba shi Black Panther na 2018, Sanagal ya tafi ya bi ayarin Baaba Maal, ya naɗo sautin tama, 'yar gangar hammata wadda 'yar'uwar kalangunmu ce, ya sa ta zama alamar jarumin fim ɗin. Da wannan aikin ya ci Oscar ɗinsa na farko. Kiɗan Zimmer yana da nauyi da rugugi, ya dace da hamada da yaƙi. Ɗan leƙen asiri kuwa saɗaɗawa yake yi.

Mu dawo gida, inda maganar ta fi ɗaukar hankalina.

Tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, fim ɗin Hausa ya taso ne a gaban masu kallon da suka sha finafinan Indiya a sinimomin Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba. Da fiyanon Yamaha ya shigo sutudiyoyi irin na Iyan-Tama, mutum ɗaya ya zama shi ne mai ganga, shi ne mai sarewa, shi ne mai goge. Sangaya na kamfanin Sarauniya, wajen shekarar 2000, ya nuna wa furodusoshi cewa waƙa ɗaya mai daɗi tana iya sayar da kaset fiye da labarin da ke ciki. Daga nan tsarin aiki ya juye. Akan fara buga waƙoƙi a sutudiyo, a saka su a talla, wani lokaci ma a gina labarin a kewaye da su. Kuɗi da suna suka tafi wajen murya: Misbahu M. Ahmad, Mudassir Ƙasim, Fati Nijar, Maryam A. Baba, har zuwa kan waɗanda kuke gardama a kansu. Kiɗan ƙarƙashin hoto kuwa aka bar wa edita ya nemo duk inda ya samu. Shi ya sa za ka ji sautin tsoro iri ɗaya a finafinai barkatai, ko ka ji an yanko wani daga fim ɗin Indiya ko na Amurka an liƙa, ya shiga inda bai kamata ba, ya katse ba sallama. Wannan ba rashin basira ba ne. Ba a ware wa aikin kuɗi ba, ba a kuma ware masa lokaci ba.

A inda aka ɗauki abin da gaske, sai an gama haɗa hoto tukuna darakta da mai kiɗa su zauna su kalli fim ɗin fitowa bayan fitowa, suna yanke inda kiɗa zai shiga, inda zai fita, da inda za a bar shi shiru. Jarumi yana da ɗan karinsa, bos yana da nasa, sirrin da ake nema ma yana da nasa, ta yadda in an taɓa shi kaɗan mai kallo zai gane ba sai an faɗa masa ba. A fim ɗin soyayya waƙa ce ke faɗin abin da ke cikin zuciya. A na leƙen asiri kowa ɓoye nasa yake yi, bakinsa na faɗin wani abu, niyyarsa wani abu daban. Kiɗan ne kaɗai ke tsegunta wa mai kallo gaskiya. Ka ɗauka jami'inmu yana bin sawun masu safarar makamai, ya laɓe a bakin madatsar ruwa ta Challawa da ke nan Ƙaraye cikin dare, yana jiran wani kwalekwale ya iso. In aka yanke a nan aka kai mu lambu ana rawa da waƙa na minti biyar, an kashe fim ɗin, komai daɗin muryar mawaƙin.

Abin da ke ba ni takaici shi ne kayan aikin suna nan a ƙofar gidanmu. Bahaushe ya daɗe da sanin kiɗan da ke tayar da tsikar jiki. Akwai garayar maharba. Akwai kiɗan tauri da na farauta, waɗanda ku mutanen karkara kun fi 'yan birni sanin yadda suke hana namiji zama. Kassu Zurmi da Gambu sun yi suna ne a kan duniyar mazajen dare da masu taurin kai, kuma wanda ya saurare su ya san Hausa tana da sautin barazana nata na kanta. Kalangu yana iya yin ƙasa da murya kamar mai raɗa, ya kuma zabura kamar an biyo mutum. Kukuma in aka ja ta a hankali, ba a barta ta kai ƙarshen kari ba, tana sa zuciya ta ƙi kwanciya. Kuge bugu ɗaya ya isa ya ce wani abu na tafe. Kakaki da algaita kuwa a ajiye su sai an shiga gidan mai mulki. Ko sautin wuri ma kiɗa ne ga wanda ya iya. Hildur Guðnadóttir ta gina kiɗan shirin Chernobyl na 2019 ne daga ƙarar da ta naɗo a wata tashar nukiliya a Lituweniya. Me zai hana namu ya je ya naɗo ƙugin ruwan madatsa, da bugun filafilin masunta, da ƙarar injin ban-ruwa?

Akwai kuma wata hujja ta zahiri da masu kwaikwayon Zimmer ke mantawa. Shi don manyan lasifikokin sinima yake aiki. Mutumin Turawa ko Rogo a waya zai kalli fim ɗin, wanda aka tura masa a shagon masu turi ko ya sauke daga YouTube, wataƙila mutum huɗu sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Wannan rugugi mai zurfi ƙaramar lasifikar waya ba ta iya fito da shi, ɓacewa yake yi ko ya koma kwarmato. Amma kalangu da sarewa da kukuma suna ratsawa tsaf. Sannan tunda shirye-shirye masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So suka mayar da YouTube kasuwa, satar kiɗan wani ta zama asara, don manhajar tana gane sautin mai shi, kuɗin tallar ya tafi can ko a toshe bidiyon. Ko ba don ƙawa ba, don aljihu ma ya kamata furodusa ya biya a yi masa nasa. Kwana Casa'in na tashar Arewa24 ya riga ya nuna cewa masu kallonmu za su zauna wa labarin makirci da siyasa ba tare da an tsaya rawa ba.

To wa za a ba? Waƙar buɗe fage, da ni ne furodusa, Naziru Sarkin Waƙa zan kira. Muryarsa tana da kauri da isa, ya saba da kiɗan fada mai nauyi, kuma waƙoƙinsa a Labarina sun nuna ya iya rera abin da ke bin labari. In labarin ya karkata ga jami'in da aikinsa ya raba shi da iyalinsa, to Nura M. Inuwa ya fi kowa iya zaɓen kalmar da za ta sosa rai. Umar M. Shareef da Hamisu Breaker a bar su da fagensu na soyayya, inda ba a ja da su. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Amma waƙa ɗaya tak, a farko, shi ke nan.

Babban aikin kuwa ba zan ba ko ɗaya daga cikinsu ba. Zan nemi ɗaya daga cikin makaɗan sutudiyo na Kano ko Kaduna, waɗanda ke zaune gaban fiyano da kwamfuta suna buga wa waɗannan taurari kiɗa, in gwada shi da fitowa guda: mutum na bin wani a cikin kasuwar Kurmi, ba magana, minti biyu. Wanda ya cika minti biyun da kiɗa ya faɗi. Wanda ya san inda zai ɗauke hannu shi ne nawa. Sai in haɗa shi da makaɗin kalangu da mai kukuma na gaske, ba na cikin fiyano ba, in ba su makonni bayan an gama haɗa hoto, in kuma rubuta sunansa da manyan baƙaƙe kusa da na darakta.

Saboda haka ka gaya wa 'yan majalisa cewa a Bond, mai cewa Zimmer ya fi kusa da abin da ake tsammani, ni kuma Göransson nake so. A na gida ba wanda ya ci gardamar, don duk a kan mawaƙa kuka tsaya. Ku riƙa haƙuri kuna karanta sunayen da ke wucewa a ƙarshen fim, ku ga wa aka rubuta a gurbin kiɗa. In kun samo wanda aikinsa ya burge ku, ku rubuto mana sunansa, za mu waiwayi maganar in Allah ya yarda.