Yadda ake sassaƙa karanshaf ɗin mota da katako

Duk wanda ya taɓa leƙa garejin bakanike ya ga wani ƙarfe mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake cirowa daga cikin inji. Shi ne karanshaf. Aikinsa shi ne mayar da hawa da saukar fistin su zama juyawa, wadda a ƙarshe take kaiwa ga tayoyi. Bidiyonsa ya cika YouTube, amma an fi gane shi idan aka riƙe a hannu aka juya. Shi ya sa wasu masu sana'ar katako suke sassaƙa kwafinsa a kan injin da ke juya katako, irin wanda ake yin ƙafafun kujera da shi.

To amma wannan inji a kan layi ɗaya tak yake fitar da abu zagayayye, alhali wuraren da sandunan fistin suke kamawa a jikin karanshaf sun kauce daga tsakiya. Dabarar ita ce sauya cibiyar da aka kafa katakon a kai.

Nisan kaucewar rabin tafiyar fistin ne. Misali, injin 1ZZ-FE na Toyota Corolla fistinsa yana tafiyar milimita 91.5, kenan kaucewar ta kusa milimita 46. Idan kwafin rabin girman na asali ne, milimita 23 za a auna. Abin da ya sauƙaƙa aikin, a inji mai silinda 4 a jere, fistin na 1 da na 4 tare suke hawa, na 2 da na 3 kuma suna ɗaya ɓangaren, digiri 180 tsakani. Don haka ɗigo uku kawai ake buƙata a kowane ƙarshen katakon: ɗaya a tsakiya, biyu a gefensa, duka a kan layi guda.

A nan ne masu koyo suka fi ɓata aiki. Idan ɗigon wannan ƙarshen bai yi daidai da na wancan ba, makamar za ta fito a karkace, kuma ba ta gyaruwa. Gara a zana ɗigon a FreeCAD, wadda kyauta ce, a buga a takarda kwafi biyu, a manna a ƙarshen biyu.

Katakon ya zama busasshe mai tauri kamar maɗaci, mara tsaga, faɗinsa kamar santimita 8. A fara zagaye shi a cibiyar tsakiya, sannan a koma ɗigon gefe a fitar da makamai na 2 da na 3, sai ɗaya ɗigon don na 1 da na 4. Gaɓoɓin tsakiya su zo daga ƙarshe, domin muddin akwai kauri a wurin, katakon ba zai lanƙwashe ba. Duk gurbin da aka gama, a cusa masa guntun katako a ɗaure da tef. In ba haka ba, matsin injin zai iya tsaga kafaɗun da ke haɗa gaɓoɓin, saboda jijiyar icen a tsaye take bi, wurin ba shi da ƙarfi.

Da zarar katako ya kauce daga tsakiya, nauyinsa ya koma gefe ɗaya, injin zai riƙa girgiza. A juya shi da hannu tukuna a tabbatar bai taɓa komai ba, a fara da gudu mafi ƙanƙanta, a sa garkuwar fuska, ba tabarau kaɗai ba. Gefen katakon zai riƙa bayyana kamar inuwa, cizal yana yanka sau ɗaya yana wucewa ta iska, don haka kaɗan-kaɗan ake tura shi. Wanda inuwar ta ruɗe shi ya kafa wayarsa nesa kaɗan ya ɗauki bidiyo mai tafiyar hawainiya, zai ga daidai inda cizal yake haɗuwa da ice. Gogewa da samfefa kuwa, a kashe injin a yi da hannu, don kafaɗun nan suna iya karya yatsa.