Hanyar Tawa zuwa Arlit

Daga Tawa akwai wata babbar hanyar kwalta da ta nufi arewa maso gabas. Lambarta 25. Tana bi ta Tabalak, Abalak da Agadas, ta ƙare a Arlit. Tsawonta ya wuce kilomita 600. Ana ce mata hanyar uraniyom.

Da an bar Tawa, hanya tana ratsa tuddan Adar masu jan dutse. Daga nan sai tabkin Tabalak, inda ake su, ana kuma noman rani. Bayan Abalak gonaki sun ƙare. Sai daji da rijiyoyi, da garkunan Fulani da na Abzinawa.

A Agadas ne duwatsun Abzin suke soma bayyana. Mafi tsawonsu yana kan tudun Bagzan, ya kai mita 2022. Amma hanya ba ta shiga cikinsu ba. Ta bar su a hannun dama, ta bi shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta yamma da su har Arlit.

Mi ya sa? Fasa dutse aiki ne mai tsada, kuma mota mai nauyin kaya ba ta son hawa da gangara. Ban da haka, ba don garuruwan cikin dutse aka yi hanyar ba. An soma haƙar uraniyom a Arlit a shekarar 1971, a Akuta kuma a 1978. Ana bukatar hanyar da za ta fitar da shi. Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta kai shi har Paraku, cikin ƙasar Benin, daga can jirgin ƙasa ya kai shi Kwatano, bakin teku. An rufe ma'adinin Akuta a 2021.

Ko da hanya ta kauce wa duwatsu, ruwansu bai ƙyale ta ba. In an yi ruwan sama a Abzin da damina, ƙoramu suna cika farat ɗaya, su gangaro yamma da ƙarfi. Suna cinye gefen kwalta, su tara rairayi a kanta. Wani lokaci direba yakan kwana a bakin ƙorama yana jiran ruwa ya janye. Ruwa da nauyin kaya sun lalata wurare da yawa tsakanin Agadas da Arlit.

A Timiya, Tabelot da Iferwan mutane suna da garake. Suna noma albasa, dankalin turawa, alkama, lemu da rumman. Kafin kayansu su iso bakin kwalta, sai mota ta yi awoyi tana ratsa dutse da rairayin ƙorama. Albasa tana jimrewa. Tumatir kuwa sau da yawa sai an shanya shi tukuna.

Tambayoyi

1. Waɗanne garuruwa ne hanya mai lamba 25 take ratsawa?
2. Mi ya sa ba ta shiga cikin duwatsun Abzin ba?
3. Ku zana hanyar a kan taswirar Nijar, ku nuna inda duwatsu suke.