Toshewar Hanci da Ba Ta Jin Magani

A cikin kowace kafar hanci akwai tsoka uku masu laushi da suka lulluɓe siririn ƙashi, aikinsu ɗumama iska da jiƙa ta kafin ta kai huhu. Ta ƙasan ita ce babba, kuma ita ta fi kumbura ta toshe numfashi. Ƙurar hunturu da hayaƙin keke napep na titunan Dubeli da sauran sassan Jimeta suna tsananta kumburin.

Babban kuskure shi ne dogaro da maganin ɗigawa irin Otrivin daga kemis. Yana buɗe hanci nan take, amma idan aka wuce mako guda ana amfani da shi, tsokar takan ƙara kumbura fiye da da. Maimakon haka, ana fara magani ne da wanke hanci da ruwan gishiri mai tsabta, da feshin da likita ya rubuta, na makonni da dama.

Idan abin ya ƙi, sai a ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Modibbo Adama da ke Yola. Idan ana bukatar tiyata, ta kafar hanci ake rage tsokar, ba yanka a fuska. Ba a cire ta duka, domin hakan yana busar da hanci ya riƙa yin ɓawo.