Kafin Ka Rataya Fitila a Kan Tankin Kifi

Zuwa ga 'yan uwa masu kiwon kifi na Gummi, Bukkuyum da Anka, musamman matasan da suka kafa tankin tamfol a bayan gida. Sana'ata ƙyanƙyasar tarwada, kuma tun da ƙwan sola ya yi araha ake yawan tambayata wace fitila ta dace da tanki. Nakan ce a fara gaya mini kifin da aka zuba.

Tarwada kifin duhu ce. Ko a Gulbin Zamfara ƙasan ruwa take bi, da dare take kiwo, da gashin baki take laluben abinci. Ƙwanta kan ƙyanƙyashe cikin kamar awa 24 idan ɗumin ruwa ya kai digiri 28 zuwa 30, 'ya'yan su yi kwana 3 suna rayuwa da ƙwanduwar cikinsu. Haska musu tocila ka gani, nan take za su watse su cunkushe a lungu. Waɗanda aka bar wa fitila dare da rana ba sa hutawa. Abincin da zai zama tsoka ya ƙare a guje-guje, cizon juna ya ƙaru, manya su haɗiye ƙanana. Shi ya sa muke barin ɗakin ƙyanƙyasa da duhu-duhu. Tankin waje kuma a rufe mafi yawansa da zana ko buhu, a bar gefe guda na zuba abinci da duba lafiyarsu.

Karfasa da ido take kiwo, da rana, kuma tana son ruwa mai ɗan kore, wanda hasken rana ke haifarwa. Sai dai a zafin Maris da Afrilu koren kan yi kauri, ya shanye iskar ruwa cikin dare, da asuba ka tarar kifi sun taso suna haki. Tsoma hannunka a ruwan: idan tafin ya ɓace tun ruwa bai kai gwiwar hannu ba, rage ruwan ka zuba sabo, ka ƙara inuwa.

Shuɗiyar fitilar nan da kuke gani a bidiyon waya ta masu kiwon murjani ce a akwatin gilashi, irin murjanin da ke Bahar Maliya, gaɓar Jidda. Murjani dabba ce, a cikin namanta akwai ƙananan tsirrai da ke haɗa mata abinci daga haske, shuɗin haske kuma shi ya fi ratsa ruwan teku. Sukan kunna ta awa 8 zuwa 12 a yini, suna ƙara ƙarfinta sannu a hankali, don in aka yi gaggawa murjanin fari fat zai koma. Tarwada ba ta da wannan buƙata ko kaɗan.

Ƙaramin ƙwan fitila ɗaya mai makunni a bakin ƙofa ya ishe ka aikin dare, ka kashe in ka gama. Ragowar kuɗin ka sayi ma'aunin zafin ruwa da abinci mai kyau. Allah ya sa wa sana'a albarka.