Ranar da Ƙasa Ta Motsa a Ƙarƙashin Baƙo

Karatu: Ayyukan Manzanni 16:22-34
Ayar tunani: Ibraniyawa 12:28



Mu da muka tashi a Maradi mun san fari, mun san iska mai ɗauke rufin ɗaki. Amma ƙasa kam, ba mu taɓa shakkarta ba. A ranar 12 ga Disamba 2022 ina Akara, babban birnin Gana, wurin aikin ikilisiya. Gab da tsakar rana sai na ji wani gunji kamar babbar mota ta wuce ta bayan gida, tagogi suka kaɗa, kujerar da nake kai ta motsa. Abin bai daɗe ba, amma gwiwoyina sun fi ƙasar daɗewa suna rawa.

Dattijon da ya sauke ni ya ce, "Fasto, kwantar da hankalinka, girgizar ƙasa ce." Ya bayyana mini cewa akwai tsage a duwatsun da ke ƙarƙashin yankin, musamman wajen Weija, kuma idan duwatsun suka zame kaɗan sai a ji a sama. Ya ce a ranar 22 ga Yuni 1939 an yi babba a Akara, gidaje sun rushe, an rasa rayuka. Ya kuma koya mini: in ta zo, ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ka kare kanka, ka nisanci gilashi, kada ka ruga kan matakala. In ta tsaya, ka fita fili, domin wata takan biyo baya.

Na karɓi shawararsa da godiya. Baƙo mai hikima yakan saurari 'yan gari, kuma yin shiri ba rashin bangaskiya ba ne. Amma da dare wata tambaya ta hana ni barci: a kan me nake tsaye?

Bulus da Sila ma baƙi ne a Filibi ta ƙasar Makidoniya. An yi musu bulala, an sa ƙafafunsu a turu. Da tsakar dare suna addu'a da waƙoƙin yabo sai ƙasa ta girgiza har harsashin kurkukun ya motsa, ƙofofi suka buɗe, sarƙoƙi suka kwance. Ku lura da wanda ya firgita. Ɗan gari ne, mai gadin kurkuku, mai takobi da makullai. Duk dogararsa tana kan aikinsa, shi ya sa da ya ga ƙofofi a buɗe ya zare takobi zai kashe kansa. Baƙin da ba su da kome kuwa suka zauna daram, har Bulus ya ɗaga murya ya hana shi. A wannan dare mutumin ya nemi hanyar ceto, ya wanke raunukansu, aka yi masa baftisma tare da iyalinsa.

Girgiza ɗaya ce ta same su duka, amma ta nuna inda kowa ya kafa ransa.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila neman abinci ko karatu ya kai ka wata ƙasa. Wataƙila kana gida, amma aikin da ka dogara gare shi ya tafi, ko lafiya ta ƙi. Jin tsoro ba zunubi ba ne. Ni ma na ji. Sai dai wasiƙar Ibraniyawa tana tuna mana cewa duk abin da aka halitta zai iya jijjiguwa, mulkin da muke karɓa cikin Yesu ne kaɗai ba ya motsi. Wanda ya tsaya a kansa yakan sami ƙarfin riƙe maƙwabcinsa, kamar yadda Bulus ya yi.

Tambayoyi don nazari:
1. Me ya sa Bulus da Sila ba su gudu ba?
2. Mene ne in ka rasa yau za ka ga kamar rayuwarka ta ƙare?
3. Wane baƙo ne a ikilisiyarku yake bukatar ka kwantar masa da hankali?

Addu'a: Ya Uba, kai ne mafakarmu. Ka ba mu hikimar yin shiri, ka kafa zukatanmu a kan Almasihu, ka kiyaye 'yan'uwanmu da ke baƙunci. A cikin sunan Yesu. Amin.