YADDA A KE HAƊA SANDAR WASAN GOLF DA GYARA TA

'Yan'uwana ɗalibai, na san da yawa daga cikinku za su ce me ya haɗa ɗan Durba da wasan golf, wasan da ko a mafarki ba a yin sa a ƙasar Rano. To, ku yi haƙuri ku ji. Ni ɗan maƙera ne gaba da baya. A garinmu Durba, cikin Ƙaramar Hukumar Kibiya, tun ina ɗan shekara bakwai na ke zuga wa Babana wuta. Da na zo makarantar nan sai na riƙa ɓoye haka, don kada a laƙaba mini suna. A dogon hutun da ya wuce aka tura ni Kano wurin Kawuna, wanda ya daɗe yana ɗaukar wa masu wasan jaka, har ya koyi gyaran sandunansu, ya kafa 'yar rumfa a ƙofar gidansa. Abin da na koyo a rumfar nan shi na ke so in bayyana muku.

Shi dai wannan wasa, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, daga ƙasar Sikotilan ya bunƙasa. Tun a 1457 sarkinsu ya hana yin sa, wai don yana shagaltar da samari daga koyon harbi da baka. Turawa suka kawo mana shi, aka kafa kulob ɗinsa a Kano a 1908, watau shekara biyar bayan sun ci birnin. Manufar wasan ita ce mutum ya jefa 'yar ƙwallo cikin ramuka 18 ɗaya bayan ɗaya, da bugu mafi ƙaranci. Ƙwallon ba ta kai giram 46 ba, faɗin bakin ramin kuwa inci huɗu ne da kwata. Doka ba ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanda fiye da 14 ba. A Amurka aka fara aiki da dokar a 1938, Birtaniya ta bi baya a 1939.

Kowace sanda kashi uku ce: kai, da gora, da mariƙi. Ni tun ranar farko ƙota na ke ce wa gorar, Kawu ya yi dariya ya ƙyale ni, domin aikinsu ɗaya ne da ƙotar fartanya. A zamanin da, da itacen wata bishiyar Amurka mai suna hikori a ke yin ta. Ta ƙarfe mai rami a ciki ba a halatta ta ba sai a 1924 a Amurka, da 1929 a Birtaniya. Daga wajen 1970 kuma aka shigo da ta girafait, watau zaren gawayi da aka naɗe aka daskarar da gam. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ku riƙe sunanta, za mu komo kanta.

Kan sandar ya fi ba ni sha'awa. Kawu ya ɗauko mini wani tsohon kai na itace, ja wur, ya ce sunan itacen fasimon. Da na dawo na tambayi malaminmu na aikin gona, sai ya ce ai dangin kanya ce, zuriyarsu guda. Ashe kanyar da mu ke tsinta a bayan gari 'yar'uwarta ce a ke buga wasan attajirai da ita! Yanzu an bar itace. A 1979 kamfanin TaylorMade ya fito da kai na ƙarfe a madadinsa, daga baya aka koma wani ƙarfe marar nauyi mai suna taitaniyam.

Fuskar kowane kai a kishingiɗe ta ke, kuma gwargwadon kishingiɗarta gwargwadon tashin ƙwallo sama. Babbar sandar bugun farko wajen digiri 10 ce, tsawonta kamar inci 45, ita ke kai ƙwallo nesa. Ta fitar da ƙwallo daga cikin yashi wajen digiri 56 ce. Sanduna masu kan ƙarfe suna da lamba, in lamba ta ƙaru sai gora ta ragu da rabin inci, fuska ta daɗa kwanciya.

To, yanzu ga inda aikin ya ke, watau daidaita sanda da mai ita. In manomi ya zo wurin Baba neman fartanya, ba ya miƙa masa wadda hannunsa ya fara taɓawa. Sai ya dubi tsayinsa, ya ce ya sunkuya ya sari ƙasa ya gani. In ruwan fartanyar ya buɗe da yawa sai ta riƙa nutsewa, in ya rufe da yawa sai ta riƙa zamewa a kan ƙasa. Haka na ga Kawu yana yi, sai dai shi da awo. Ya kan sa mutum ya miƙe tsaye ya saki hannuwa, ya auna daga wuyan hannunsa zuwa ƙasa, daga nan ya san tsawon gorar da ta dace da shi. Sa'an nan ya manna tef a gindin kan sandar, ya sa mutumin ya yi bugu a bisa wani allo. In gogewar ta fito a tsakiya, shi ke nan. In ta fito wajen dunduniya, to, bakin sandar yana ɗagawa sama ke nan, ƙwallon mai bugu da dama za ta riƙa karkata hagu. In kuwa wajen baki ta fito, sai ta yi dama. Maganin abin shi ne a matse kan, a lanƙwasa wuyansa da digiri ɗaya ko biyu. Amma a kula: kan da aka ƙera daga ƙarfe mai taushi yana lanƙwasuwa, wanda aka zuba a zubi kuwa yana da gautsi, ya kan karye. Wannan ba sai an koya wa ɗan maƙeri ba. Kamfanin PING na Karsten Solheim tun 1972 ya ke sa ɗigon fenti a bayan kai, launin ɗigon shi ke nuna tsayuwar wuyan.

Har ila yau a kan duba ƙarfin mutum. Mai bugu da sauri gora mai tauri a ke ba shi, dattijo kuwa mai ɗan laushi, don ta taimaka masa da tsalle. In an datse gora ta wajen tsini sai ta ƙara tauri, saboda haka in rage tsawo kawai a ke so, ta wajen mariƙi a ke yankewa.

Sauya mariƙi shi ne aiki mafi sauƙi, shi Kawu ya fara sake mini. A tsaga tsohuwar robar da wuƙa, a kankare tsohon tef, a naɗa sabo mai manne ciki da waje, a jiƙa shi da ɗan ruwan da ke sa shi santsi, a zura sabuwar roba da hanzari kafin ya bushe. Mai babban hannu a kan ƙara masa naɗi biyu ko uku. Haɗa kai da gora kuwa da gam ɗin nan mai ruwa biyu a ke yi, wanda a ke kwaɓawa, a bar shi ya kwana. In za a raba su, sai a gasa wuyan kan har gam ya saki.

A nan na yi ɓarna. Ran nan wani Alhaji ya kawo sanda kanta yana girgiɗi. Kawu ya ajiye ta ya tafi sallar azahar. Na ce a raina, ni da na tashi a bakin wuta, wannan ɗan aiki zai gagare ni? Na gasa wuyan, na kama kan da tsumma, na murɗa iya ƙarfina, kamar yadda na ga yana yi wa ta ƙarfe. Sai na ji ƙaras! Kan ya fita, amma tsinin gorar ya tarwatse ya zama kamar bakin asuwaki. Ashe girafait ce. Ita da gam aka daskarar da zarenta, don haka zafi mai yawa yana cin ta, murɗa kuwa yana warware ta. Da zafi kaɗan a ke yi, a sa wani ƙarfe ya tura kan ya fita a miƙe.

Da Kawu ya dawo ya gani bai zage ni ba, na ma fi son ya zage ni. Ya ce, "Kai ɗan nan, wa ya aike ka? Ko a maƙerar ubanka kowane ƙarfe da wutarsa." Na ce ko za mu datse wurin mu mayar, mai ita ba zai gane ba. Ya ce, "In an datse ta yi tauri, bugu ɗaya zai yi ya sani. Shekara nawa yana ba ni amanar kayansa?" Washegari ya tasa ni gaba har gidan Alhajin, ya ce, "Ranka ya daɗe, ɗana ya yi maka ta'adi, ni zan biya." Alhaji ya dube ni ya tambaye ni ajina, ya ce a raba kuɗin biyu. Rabin nan ma sai da ya cinye wa Kawu ribar mako biyu, ni kuwa na biya da sauya mariƙi har hutu ya ƙare.

Na tafi da matacciyar gorar Durba. Baba ya jujjuya ta, ya ƙwanƙwasa ta a uwar maƙera, ya sansana bakin da ya ƙone, ya ce shi bai taɓa ganin gawayin da ke lanƙwasuwa ya miƙe ba. Ya sa na auna masa wuyan hannunsa zuwa ƙasa da igiya, ya gwada da ƙotar fartanyarsa, ya yi murmushi bai ce kome ba. Gorar tana nan a tsakar gidanmu, Inna tana korar kaji da ita daga shanyar gero.